Wa Ke Riƙe da Idon Taro? Tarihin Allon Bidiyo a Filin Taro

Gabatarwa

Da misalin ƙarfe 4 na asubahin Laraba, 30 ga Oktoba 1974, mutum kimanin 60,000 suka cika babban filin wasa na birnin Kinshasa, a ƙasar da ake kira Zayar a wancan zamani, domin kallon damben Muhammad Ali da George Foreman. Babu wani dalili na mutanen Kinshasa da ya sa aka tsayar da wannan lokaci. An tsayar da shi ne saboda a daidai wannan sa'a ƙarfe 10 na dare ne a New York, kuma a ɗaruruwan gidajen sinima da manyan zauruka na Amurka akwai mutanen da suka biya kuɗi domin su ga damben kai tsaye a kan allo. Dala miliyan 5 aka yi wa kowane ɗan dambe alkawari, masu shirya wasan kuwa sun san ribarsu tana wajen waɗancan masu kallon allo. Saboda haka lokacinsu aka bi, aka hana mutanen da ke bakin fage barci.

Hausawa kan ce gani ya kori ji, suna kuma bambanta ganau da jiyau. Wanda ya halarci abu da idonsa shi ne ganau, da maganarsa ake kafa hujja. Wannan rabo ya daɗe yana aiki, domin a da hanyar gani ɗaya ce: mutum ya taka ya je wurin, ya buɗe ido. Tarihin na'urorin bidiyo a wuraren taro ya haifar da mutum na uku, wanda ya je wurin da ƙafarsa amma abin da ya gani wani ne ya zaɓar masa. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda allo ya fara a matsayin hadimin wanda bai samu halarta ba, har ya shigo fili ya zama idon mahalarta su kansu.

Daga majigi zuwa hoton kai tsaye

Haska hoto a bango domin jama'a ya girmi lantarki. Tun a ƙarni na 17 Turawa suka ƙera wani akwati mai fitila da gilashi wanda ke jefa zanen hoto a kan farin bango, mutanen Ingila suka sa masa sunan da ke nufin fitilar sihiri. Daga kalmar farko ta wannan suna masana ke ganin Bahaushe ya samo kalmar majigi. A 1939 gwamnatin Birtaniya ta kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da take mulka, a ƙarƙashin William Sellers, wani jami'in tsabta da ya yi aiki a Legas. Motocin majigi suka riƙa ratsa garuruwan Arewa ɗauke da janareta da lasifika da farin ƙyalle. Idan duhu ya shiga sai a kafa allo a ƙofar fada ko a dandali, a nuna fim kan tsabta, ko noman auduga, ko rangadin wani babba. Abin lura a nan shi ne tafinta, wanda ke gefen mota da makirfo yana faɗa wa jama'a da Hausa abin da suke gani. Kowa yana jin muryarsa, saboda haka kowa ya san akwai wani tsakaninsa da hoton.

Sai dai majigi labarin jiya yake bayarwa. Fim sai an ɗauka, an wanke shi da magunguna a ɗaki mai duhu, an busar, sannan a haska. Bidiyo kuwa hanyarsa daban ce. Kyamara tana yanka hoto layi-layi, ta mayar da hasken kowane layi siginar lantarki, siginar ta bi waya ko iska ta isa wani allo, a sake jera layukan kafin ƙiftawar ido.

Babban taro na farko da aka gwada wannan a kansa shi ne wasannin Olamfik na Balin a watan Agusta 1936. A lokacin kusan babu mai akwatin talabijin a gida, don haka hukumar gidan waya ta Jamus ta buɗe ɗakunan kallo fiye da 20 a Balin da kewaye, inda mutum wajen 150,000 suka kalli wasannin. Hoton dishi-dishi ne, allon kuma ƙarami. Ɗaya daga cikin kyamarorin, ƙirar kamfanin Telefunken, saboda tsawonta har laƙabin igwa aka yi mata. Cikin masu sarrafa ta akwai Walter Bruch, wanda daga baya ya ƙirƙiro tsarin talabijin mai launi na PAL da Nijeriya ta ɗauka. Bai kamata a manta da wanda ya ɗauki nauyin wannan gwaji ba. Gwamnatin Hitler ce, kuma ta yi shi ne domin a ga Jamus yadda take so a gan ta. Tun ranar farko ke nan, na'urar ta zo tare da tambayar ko wane ne mai ita.

Mai, madubi da haske

Matsalar da ta biyo baya ita ce ta girma. Kwalbar talabijin ba ta iya ba da hasken da zai cika bangon zaure. Wani malamin jami'ar fasaha ta Zurich a ƙasar Suwizalan, Fritz Fischer, ya fara neman mafita a 1939, ya kuma nuna samfurin farko a 1943. Sunan na'urar Eidophor, daga harshen Girka, ma'anarsa mai ɗauke da hoto. A cikinta akwai madubi mai juyawa a hankali, an shafe shi da mai siriri ƙwarai. Wani tsinken lantarki yana bi ta kan man yana rubuta hoton layi-layi, duk inda ya taɓa sai fuskar man ta ɗan tattare, kamar ruwan randa idan an hura masa iska. Sai a haska fitila mai ƙarfi a kan madubin. Inda man yake kwance lumui, hasken yakan koma inda ya fito. Inda ya tattare, hasken yakan karkace ya wuce ta tsakanin wasu sandunan madubi ya faɗa kan allo. Hikimar ita ce an raba aiki biyu: lantarki ya zana hoto, fitila ta ba da haske, kuma ana iya ƙara ƙarfin fitilar gwargwadon buƙata.

Fischer ya rasu a 1947, bai ga cin nasarar aikinsa ba. Edgar Gretener ne ya ci gaba da shi har ya shiga kasuwa. Na'urar ta yi aiki a ɗakin da hukumar NASA ke lura da tafiye-tafiyen Apollo zuwa wata, ta yi a manyan zaurukan taro da ɗakunan shirye-shiryen talabijin har cikin shekarun 1990. Ita da ire-irenta ne suka sa ya yiwu a tara dubban mutane a zaure a sayar musu da tikitin kallon abin da ke faruwa a wata nahiya, kamar yadda aka yi a daren Kinshasa. Gidajen kallon ƙwallo da ke cike da matasa a unguwannin Kano da Zinder da Kumasi jikokin waɗancan zauruka ne, ko da yake yanzu kwanon tauraron ɗan Adam da ƙaramin janareta sun wadatar.

Ranar da aka kama lokaci

Har zuwa tsakiyar shekarun 1950 hoton bidiyo kamar magana yake, in ya fita ba a iya sake nuna shi nan take. Wannan ya dami gidajen talabijin na Amurka, domin tsakanin gabashin ƙasar da yammacinta akwai ratar awa 3, labaran da aka karanta da yamma a New York kuwa mutanen Kalifoniya suna wurin aiki. A ranar 14 ga Afrilu 1956, a wani taron ma'aikatan talabijin a birnin Chicago, wani jami'in kamfanin CBS ya gama jawabi, sai mahalarta suka ga jawabin yana sake fitowa a allo, hoto da murya, kamar yanzu ake yin sa. Zauren ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan ya kaure da tafi. Na'urar kamfanin Ampex ce, aikin wata ƙaramar tawaga ƙarƙashin Charles Ginsburg, cikinta har da wani matashi mai suna Ray Dolby. Faɗin zaren kaset ɗinta inci 2 ne, kawunan naɗi 4 suna juyawa sau 14,400 a minti guda, kuɗinta kuwa kimanin dala 50,000. A ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekara CBS ta fara amfani da ita wajen maimaita labaran yamma.

An ƙera na'urar ne domin jinkirta shiri da awoyi, amma wani matashin darakta na CBS, Tony Verna, ya yi tunanin jinkirta shi da daƙiƙoƙi. A ranar 7 ga Disamba 1963, a wasan ƙwallon Amurka tsakanin makarantar sojan ƙasa da ta sojan ruwa a Filadalfiya, ya sa aka jawo wannan ƙatuwar na'ura zuwa bakin fili. Da sojan ƙasa suka ci, sai ya mayar da kaset baya ya sake nuna cin nan take. Mai sharhin wasan, Lindsey Nelson, ya yi maza ya gargaɗi masu kallo cewa wannan maimaici ne, ba wani sabon ci aka yi ba. Daga ranar nan mai kallo a gida ya fi wanda ke filin gani, domin shi yana da dama ta biyu, na filin kuwa in ya ƙifta ido ya rasa.

Allo ya shigo fili

Wannan ya zama barazana ga masu filayen wasa. Me zai sa mutum ya biya kuɗi ya zauna a rana, alhali wanda ke kishingiɗe a gida ya fi shi gani? Mafita ita ce a kawo talabijin cikin filin. Amma na'urar haskawa, komai ƙarfinta, ba ta ja da rana. Dole allon ya zama shi ke fitar da haske da kansa. A watan Yuli 1980 kamfanin Mitsubishi Electric na Japan ya kafa allon da ya kira Diamond Vision a filin wasa na Dodger da ke Los Angeles. An jera dubban ƙananan kwalabe masu haske, wasu ja, wasu kore, wasu shuɗi, waɗanda in an dube su daga nesa sai ido ya haɗa su su zama hoto guda. A 1985 kamfanin Sony ya nuna nasa mai suna JumboTron a bajekolin Tsukuba, faɗinsa mita 40, tsayinsa mita 25.

A wannan shekarar ce aka ga abin da allo zai iya yi wa zuciyar taro. Ranar 13 ga Yuli 1985 aka yi bikin waƙoƙi na Live Aid domin tara gudummawa ga waɗanda yunwa ta addaba a Habasha, a filin Wembley na Landan da wani fili a Filadalfiya lokaci guda, tauraron ɗan Adam yana haɗa filayen biyu da sauran duniya. Ana tsakiyar shagali mawaƙi David Bowie ya yafe waƙa ɗaya daga cikin nasa, domin a nuna wani ɗan gajeren hoton yaran Habasha da ma'aikatan gidan talabijin na CBC na Kanada suka ɗauko. Mutum 72,000 da ke Wembley suka ɗaga kai suka ga abin da ya tara su, kuma bayan nan gudummawar da ke shigowa ta waya ta ƙaru sosai.

Waɗancan alluna suna da nauyi, ga tsada, ga shan wuta. Abin da ya sauko da su daga hannun manyan filaye wani ɗan ƙwai ne da bai kai ƙwayar gero biyu ba, wato fitilar LED. Tun 1962 Nick Holonyak ya samar da mai jan haske, kore ma ya biyo baya, amma shuɗi ya gagari masana shekara kusan 30, kuma in babu shuɗi babu fari, babu cikakken launi. Isamu Akasaki da Hiroshi Amano na jami'ar Nagoya suka buɗe hanya a ƙarshen shekarun 1980, Shuji Nakamura na kamfanin Nichia ya fitar da mai haske sosai a 1993, su uku kuma suka karɓi kyautar Nobel ta 2014. A 1997 ƙungiyar mawaƙa ta U2 ta zaga duniya da allon LED mai faɗin kimanin mita 50. Yau irin wannan allo yana zuwa ne falle-falle, yawanci rabin mita kowace kusurwa, ana ɗaure su da juna kamar jeren bulo har su kai girman da ake so. Akasarinsu daga masana'antun Shenzhen na ƙasar Sin suke fitowa, kuma arharsu ce ta kawo su ɗakunan bikinmu da filayen gangaminmu.

Mutumin da ke cikin mota

Mahalarcin taro yana ganin allo, amma ba ya ganin inda hoton ke fitowa. A bayan dandamali, ko a cikin wata mota mai sanyi da aka ajiye a gefe, akwai darakta zaune gaban jeren ƙananan alluna, kowane yana nuna abin da kyamara ɗaya ke gani. Yana magana da masu kyamara ta na'urar kunne: wannan ya matso kan fuska, wancan ya juya kan jama'a. Kusa da shi akwai mai danna maɓallan na'urar sauya hoto, wanda ke aika kyamarar da aka zaɓa zuwa babban allo, jar fitila ta kama a kanta domin mai riƙe da ita ya san shi ke kan aiki. Dukkan kyamarorin suna bin agogo ɗaya na lantarki don kada hoto ya yi tsalle a lokacin sauyi. Har saurin sauti sai an yi lissafinsa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, haske kuwa nan take yake isa, don haka wanda ke nesa da mita 100 yakan ga leɓen mai magana ya motsa kusan sulusin daƙiƙa kafin kalmar ta iso kunnensa.

Wannan aiki ya sauya su kansu masu hawa dandamali. Mai jawabi a da yakan yi magana da dukkan jikinsa, domin na baya su gane shi da motsin hannu da ɗaga murya. Yanzu fuskarsa ce ke rataye a sama, ta fi gida tsayi, kowa yana ganin gumi da murmushi da ɗaure fuska. Mafi girman sauyin kuwa yana wajen jama'a. Cikin kyamarori goma ɗaya ce ke kan allo a kowace daƙiƙa, sauran tara an ajiye su. Wanda ya zaɓi ɗayar nan shi ya rubuta abin da dubbai za su koma gida suna cewa sun gani da idonsu.

Abin da aka nuna da abin da aka ɓoye

Ranar 27 ga Yuni 2010, a filin Soccer City na Johannesburg, Carlos Tevez ya ci wa Ajantina ƙwallo a ragar Meziko yana cikin satar gida ƙarara. Alƙalin wasa Roberto Rosetti ya amince da cin. Sai ga maimaicin ya fito a manyan allunan filin, dubban 'yan kallo da 'yan wasan Meziko suka ga kuskuren, suka yi wa alƙali da mataimakinsa caa. Dokar lokacin ba ta ba shi damar dogara da hoto ba, cin ya tabbata, Ajantina ta yi nasara da 3 da 1. Amsar farko da hukumar FIFA ta bayar ita ce bai kamata a nuna maimaicin ba, kuma za ta ƙara sa ido kan abin da ke fita a allo. Daga baya shugabanta ya nemi afuwar Meziko. Shekara 8 bayan haka, a gasar 2018 a Rasha, aka ba alƙali nasa allon a bakin fili. Darasin wannan rana biyu ne: allo yana iya tona gaskiyar da mai iko bai so ba, mai iko kuma ya san inda makunnin yake.

Allo yana kuma iya nuna abin da kyamara ba ta ɗauka ba. A bikin buɗe Olamfik na Beijing ranar 8 ga Agusta 2008, duniya ta ga sawaye 29 na wasan wuta suna takawa a sararin birnin zuwa filin wasa. An harba wutar da gaske, amma hoton da aka nuna na kusan dukkan sawayen an riga an zana shi da kwamfuta, saboda bin su da jirgi mai saukar ungulu yana da haɗari. A watan Afrilu 2012 mahalarta bikin Coachella a Amurka suka ga Tupac Shakur yana waƙa a dandamali, kusan shekara 16 bayan mutuwarsa, ta wata dabarar gilashi da John Pepper ya nuna a Landan tun 1862, aka haɗa ta da bidiyo. 'Yan siyasa ba su yi jinkiri ba. A watan Disamba na shekarar Narendra Modi ya bayyana a wurare 53 na jihar Gujarat lokaci guda, a 2017 kuma Jean-Luc Mélenchon ya yi gangami a Lyon da wajen birnin Paris a sa'a ɗaya.

Kammalawa

Babu adalci a ce wannan tarihi na yaudara ne kawai. Tsohuwar da ke sahun ƙarshe a taron saukar karatu ta ga fuskar jikanta saboda allo. Matan da ke ɓangarensu a wurin tafsiri sun ga malamin da a da muryarsa kaɗai ke isa gare su. Wanda gajarta ko raunin ido ya hana shi kallon hawan salla ya samu rabonsa. Amma na'urar da ta kusanto da fuska ita ce za ta iya matse hoto a kan mutum ɗari da ke gaban dandamali, ta bar filin da babu kowa a bayansu, gobe a ce gari ya cika ya batse. A ƙasar da ake auna farin jinin ɗan takara da yawan taronsa, wannan ba ƙaramin iko ba ne, kuma sau da yawa yana hannun matashin da aka ɗauka aikin yini ɗaya, wanda ya san wanda zai biya shi.

Tafintan majigi yana da iyakarsa, kuma gwamnati yake yi wa aiki, amma jama'a sun san yana nan, suna iya auna maganarsa. Daraktan yau ba a ganinsa, ba a jin muryarsa, shi ya sa zaɓinsa yake kama da ganin ido. Abin da ya rage wa mai wannan sana'a shi ne ladabin da Lindsey Nelson ya nuna a 1963, wato ya faɗa wa jama'a wane hoto ne na yanzu, wane ne maimaici, wane ne aka zana. Abin da ya rage wa mahalarci kuwa shi ne ya riƙa sauke kai daga allo lokaci-lokaci, ya dubi dandamali, ya waiwayi bayansa, kafin ya koma gida ya ce shi ganau ne.